Kafaɗar da Ya Ba Makarar Kawu Shehu

Sallama gare ku 'yan'uwa mazauna Maryland da Washington, musamman masu aikin da ake yi da jiki. Ni ce Hajara, Maman Nusaiba ta Hyattsville. Wata goma sha huɗu ke nan ina jinyar maigidana, kuma duk wanda ya tare ni a shagon kayan miya ya tambayi jikinsa sai in ce da sauƙi. Na gaji da wannan amsar. Na zauna na rubuta abin da ya same mu ne don wanda ya ga gemunmu ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa, kuma don akwai laifina a ciki da nake so in faɗa da bakina.

Abban Nusaiba injiniya ne, shi ke kula da na'urorin sanyi da na ɗumama ɗaki a wani dogon ginin ofisoshi a Greenbelt. Wata Talata a ƙarshen sanyi suna sauko da wani inji daga kan rufi shi da abokin aikinsa, ƙafarsa ta goce a matakala. Bai ma faɗi ba. Murɗewa kawai ya yi da nauyin a hannunsa, ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya ƙarasa aikinsa na ranar, ya tuƙo mota ya dawo gida, ya ci tuwo, bai ce mini komai ba. Mutumin Zariya ne, irin waɗanda ko wuƙa aka caka musu sai sun gama gaisawa da kai kafin su ambata.

A sallah na gano shi. Kwana huɗu ina lura in ya yi ruku'u sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Da na matsa masa ya ce ɗan targaɗe ne, zai wuce. Na dafa ruwan zafi na gasa masa, na shafa masa man zafi har gidan ya koma warin kemis. Ranar kwana na bakwai ya kasa saka safa.

Maƙwabciyarmu ta saman bene, Sista Rifkatu, 'yar Jos ce, nas ce a wani gidan kula da tsofaffi. Ita na kira. Ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta dube shi a kwance a kan kafet, ba ta ma tambayi inda ke ciwo ba.

“Baban Nusaiba, a wurin aiki ne?”

“Eh, amma ba wani abu ba ne, Sista.”

“Ka yi report?”

“Kai, a'a. Kada su ce ina neman fitina. Shugabana mutumin kirki ne.”

“To mutumin kirkin nan ba shi zai biya asibiti ba. Jihar nan kwanaki kaɗan ta ba ka ka sanar da su, kuma ka kusa cinye su. Maman Nusaiba, miƙo waya.”

A tsaye a kansa ta sa ya rubuta wa ofishinsu saƙo, da rana da lokaci da sunan wanda ke wurin. Ban taɓa biyan matar nan ba, ba kuma zan iya ba. Allah ya saka mata.

Washegari muka tafi sashen gaggawa. Tun hantsi muke zaune sai bayan la'asar aka kira mu, shi ba ya iya zama ba ya iya tsayuwa, yana jingine da bango rabi da rabi. Nas ta tambaye shi daga ɗaya zuwa goma nawa ciwon yake. Mutumin da na ɗauko yana cije leɓe ya ce uku. Na ce tara ne, ki rubuta tara. Ya harare ni, na harare shi, ta rubuta shida. Sai a mako na uku aka saka shi a na'urar ɗaukar hoton ciki, likitan ƙashi ya nuna mana wani ɗan faifai da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya goce ya danne jijiyar da ke sauka ƙafar hagu.

Daga nan zuwa mako na takwas, gaskiya sai godiya. Dokar jihar ta ce wanda ya ji ciwo a bakin aiki, inshorar kamfaninsa ce ke biyan magani, ta kuma riƙa ba shi kashi biyu cikin uku na albashinsa har ya warke. Haka aka yi. Sau uku a mako nake kai shi gashin ƙashi kafin in wuce kantin maganin da nake aiki. Ina tuna babana da ya karye a masaƙa a Kaduna aka sallame shi da “Allah ya sawwaƙe”, sai in ce lallai ƙasar nan ta san darajar ma'aikaci. An ba shi sanda, an ce kada ya ɗaga abin da ya wuce nauyin galan ɗin madara, kada ya sunkuya. An ba mu takardu masu kauri muka sa hannu. Ban karanta ba, shi ma bai karanta ba.

Dangi kuwa kowa ya zama likita. Hajiyarsa daga Zariya ta ce a yi masa ƙaho. Yayansa ya ce a sako shi a jirgi, akwai wani mai ɗori a Giwa da ke tayar da wanda ya shekara a kwance, kamar mai ciwon baya zai iya zaman jirgi na yini guda. Ƙanwata ta aiko da man kaɗanya da wani garin magani ta hannun matafiyi, aka ƙwace garin a filin jirgi. Wani a masallaci ya ce zuma da habbatus sauda. Wannan kam mun sha, tunda ba ta da lahani.

A mako na tara ne silifa ta fara zamewa daga ƙafarsa ta hagu bai sani ba. Zai taho daga banɗaki da ɗaya a ƙafa, ɗayar tana can a bakin ƙofa. Da farko dariya muka yi. Da muka gaya wa likita bai yi dariya ba. Ya ce ya ɗaga babban yatsan, yatsan ya ɗan motsa ya koma. Ya kira abin da sunansa na Turanci, foot drop, wato ƙafa ta riƙa langaɓewa, kuma ya faɗi maganar da har yau nake ji a kunnena: “Ƙashi yana jira, jijiya ba ta jira.” Ya ce tiyata za a yi a ɗage abin da ya danne ta, cikin makonni ba watanni ba. Ofishinsa ya aika wa inshora neman izini, aka ba mu rana nan da mako uku.

Ana cikin wannan jiran Kawu Shehu ya rasu.

Ba kawunmu ba ne na jini. Tsohon direban tasi ne ɗan Funtuwa da ya fi shekara talatin a Washington, kuma rabin Hausawan yankin nan shi ya ɗauko su daga filin jirgi. Mu wata biyar muka yi a ɗakin ƙasan gidansa lokacin da muka zo, ba mu biya ko sisi ba. Shi ya yi wa Nusaiba huɗuba. Shi ya koya wa Abban Nusaiba tuƙi a babban titin nan na Beltway, yana zaginsa cikin raha duk hanya.

Da safen jana'izar, maigidana ya ce ba zai iya zaman mota har maƙabarta ba, tafiyar ta kusa awa guda. Ya ce zai yi masa addu'a daga gida, in ya so da yamma in kai shi ya yi wa iyalin ta'aziyya. Ni kuwa na tashi masa. Ga abin da na ce, ban rage komai ba: “Abban Nusaiba, mutumin da ya ba ka katifa a garin nan za a binne kana kwance? Me mutane za su ce? Zumunci a ƙafa yake. Ko da jan ciki ne ka je.” Ya yunƙura ya tashi zaune. Ya sha ƙwayoyinsa guda biyu maimakon ɗaya, na taya shi saka kaftani, wani abokinsa mai suna Malam Bashir ya zo ya ɗauke shi.

Kun san yadda muke yi. Daga mota zuwa bakin kabari ba a barin mutum shida su kai gawa su kaɗai. Kowa yana matsowa ya sa kafaɗa, ya yi 'yan taku, ya ja baya wani ya shiga, don kowa ya sami ladan kuma mamacin ya tafi a kan kafaɗun mutanensa. Da makarar ta zo daidai inda yake, mutane suka matsa masa wuri, don duk sun san matsayinsa a wurin Kawu. Ya miƙa wa wani sandarsa ya shiga. Malam Bashir da ke gabansa dogo ne, na bayansa ma dogo ne, shi kuwa gajere, akwatin gawar ko zama bai yi a kafaɗarsa da kyau ba. Taku bakwai ya yi. Daga baya ya sunkuya ya zuba ƙasa sau uku kamar kowa. Da aka dawo da shi, mutum biyu ne suka hawo da shi bene, kuma kwana uku bai sauko daga gado ba sai dai in kawo masa robar fitsari.

Kawu yana da yaya tsohuwa a Funtuwa da ta roƙa a ɗauko mata yadda aka yi, ta ga an binne ƙanenta cikin mutane ba a wulaƙance a ƙasar wasu ba. Wani ya ɗauki bidiyo da waya ya turo mini, don ni ce sakatariyar mata ta ƙungiyarmu, ni ke riƙe da shafinmu na intanet wanda kowa ke iya gani. Na kalla na ga mijina a ƙarƙashin makarar, na ji daɗi har da hawaye. Na ɗora a shafin. Na rubuta sunayen waɗanda suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, nasa cikakke har da na mahaifinsa, na ƙara da “Allah ya ba da lada”.

Kwana huɗu kafin ranar tiyata wasiƙa ta zo. An dakatar da kuɗin mako, an dakatar da gashin ƙashi, ba a amince da tiyata ba. A ƙasa aka rubuta cewa suna da shaidar yana iya abin da ya ce ba ya iyawa, kuma za su iya miƙa maganar ga masu binciken zamba. Na karanta sau uku ban gane wace shaida ba.

Sista Rifkatu ce ta haɗa mu da wani lauya, dattijo baƙar fata ɗan ƙasar nan, da ba ya karɓar komai sai an ci shari'a. Ya juyo mana da allon kwamfutarsa. Ga Abban Nusaiba ba sanda, ga akwati a kafaɗa, ga shi ya sunkuya. Ya ce kamfanonin inshora suna da mutanen da aikinsu ke nan, bin shafukan masu karɓar diyya. Ya ce a dokar jihar, wanda ya karɓi kuɗin nan da ƙarya ana ɗaukarsa kamar ɓarawo ne: zai mayar da abin da ya ci, ga tara, kuma ana iya ɗaure shi. Ya tambayi takardun zamanmu a ƙasar, muka gaya masa, ya ce to lallai kada a bari ta kai can, don tana iya jawo a kore mu. Sannan ya ce, “Wa ya ɗora wannan?”

Na ce ni ce.

Ya cire tabarau ya dube ni. Na ce bari in goge yanzu. Ya ce kada in kuskura, gogewar ta fi ɗorawar muni. Maigidana yana kallon tagar ofishin tun da aka fara, bai juyo ba.

Lauyan ya nemi a zauna da gaggawa a gaban hukumar da ke raba gardamar ma'aikata da inshora, ba a ba mu ba, aka sa mu a layi. Na kira inshorar lafiyarmu ta gida na ce su biya tiyatar, suka ce ciwon wurin aiki ne, ba nasu ba ne. Na kira inshorar kamfaninsa suka ce magana tana gaban hukuma. Na je ofishin likita na tambayi kuɗin in mu za mu biya, matar ta rubuta mini a takarda, na ninke na sa a jaka ban nuna wa kowa ba. Ko mun sayar da motar da filinmu na Kaduna ba za mu kai rabi ba.

Daga mako na goma sha uku zuwa na ashirin da shida ba ni da abin ba da labari sai jinya. Na sayi kujerar wanka. Na koyi ɗaga ƙafarsa in sa a mota kamar kayan wani. Kullum da asuba in ce ya motsa yatsan, ina tsugune ina kallo, kullum motsin yana raguwa, har ranar da na ce ya motsa ya ce ai yana motsawa, ni kuwa ban ga komai ba. Ƙwayoyin suka ɗaure masa ciki, na riƙa dafa masa miyar kuɓewa da zogale. Ya faɗi sau biyu a tsakar ɗaki don yatsun suna kama bakin kafet, na naɗe kafet ɗin na kai shara. Na ƙara awannin aiki, Nusaiba ta bar makarantar koyon iyo. Sallah ta koma kan kujera. Mutumin da ke cika gida da surutun siyasar Najeriya ya koma sai ya yini bai yi jimla biyar ba, kuma bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi.

Jama'armu sun yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba. An kawo abinci, an yi karo-karo sau biyu. Amma kuma magana ta zaga cewa an kama Injiniya da damfarar inshora, har ta kai Zariya, Hajiyarsa ta kira tana kuka tana tambaya ko gaskiya ne za a ɗaure shi. Da lauya ya nemi waɗanda za su ba da shaida, cikin mutum fiye da hamsin da suka je maƙabarta biyu ne suka yarda, limaminmu da Malam Bashir. Sauran kowa ya ce ba ya son sunansa a takardar hukuma. Na ji haushinsu a lokacin, yanzu na rage.

Ranar zaman, wata mata ce mai furfura ke sauraro. Liman ya yi mata bayanin yadda muke ɗaukar gawa, ya ce sa kafaɗa ban girma ne, ko tsoho mai shekara tamanin yana yi. Malam Bashir ya miƙe tsaye aka ga tsawonsa, ya ce nauyin duk a kansu yake. Likita ya aiko da takarda cewa ciwon gaskiya ne kuma yana ƙaruwa. Sai lauyan inshora ya fuskanci maigidana.

“Likita ya hana ka ɗaukar kaya?”

“Ya hana.”

“Ya hana ka sunkuyawa?”

“Ya hana.”

“Akwai wanda ya tilasta maka zuwa wurin nan?”

Ina zaune a bayansa, tazarar hannu ɗaya. Na ga wuyansa ya ɗan motsa kamar zai waiwayo, sai ya fasa.

“Babu. Ni na ga dama.”

Bayan mako biyu hukunci ya fito. Mun yi nasara. An ce babu zamba, a mayar masa da kuɗinsa har na baya, a yi tiyata. Na yi sujadar godiya a kicin, kuma har yau ina gode wa matar nan da ta saurara. An yi tiyatar a mako na talatin da ɗaya. Ciwon bayan ya tafi kamar an cire ƙaya. Ƙafar ba ta dawo ba. Wata uku ana gashi, ana sa mata lantarki, ana gwadawa, daga ƙarshe likitan ya ce jijiyar ta daɗe a danne, abin da ya mutu a cikinta ya mutu. Na tambaye shi ko taku bakwai ɗin nan ne suka ƙarasa ta, ko jiran wata biyar. Ya ce ba zai iya rabewa ba, amma da an yi a ranar farko da aka sa, da yana da kyakkyawan zato.

Yanzu yana saka wani abin roba mai tauri a cikin takalmi da ke riƙe ƙafar kada ta ja ƙasa. Ba zai ƙara hawa rufi ba. Dokar ta tanadi a koya wa irinsa wata sana'ar, sun haɗa shi da wata mai ba da shawara, yana koyon aikin zama a tebur yana tsara wa masu gyara inda za su je. An kuma auna ƙafar aka ce kashi kaza ta lalace, aka yanka mata kuɗi kamar ƙafar sa a mahauta. Mun karɓa. Me za mu yi?

Don haka 'yan'uwa, in kun ji ciwo a wurin aiki ku faɗa a ranar, a rubuce, ko da shugaban naku waliyyi ne. In nas ta tambayi ciwo ku faɗi gaskiyarsa, ba a ba da lada a kan uku. Ku nemi lauya tun kafin wasiƙa ta zo, ku sa a karanta muku takardun nan masu kauri. Kuma muddin kuna karɓar kuɗin jinya, ku sani akwai mai kallonku da bai san Kawu Shehu ba, bai san abin da ya yi muku ba. Mu mata kuma masu cewa “me mutane za su ce”, mu tuna mutanen nan ba su za su ɗaga ƙafar su sa a mota ba.

Watan jiya aka yi wata rasuwar, wani ɗan Katsina a Greenbelt. Ban ce masa ya je ba, ban ce kada ya je ba. Ya shirya da kansa, Malam Bashir ya zo ya ɗauke shi. Da ya dawo ya zauna a bakin gado, na durƙusa ina kwance masa abin ƙafar, na tambaye shi yadda aka yi.

“Sun matsa mini wuri,” ya ce. “Ban shiga ba.”

Na ce ai ya yi daidai. Sai na kasa riƙewa, na ce ya yafe mini, ni na tura shi, ni na ɗora, kuma ya rufa mini asiri a gaban hukuma.

“Maman Nusaiba, ni ban taɓa riƙe ki ba. Ko ba ki yi magana ba ranar nan, da wuya in iya kwanciya ana binne Kawu.” Ya kalli ƙafar a hannuna. “Abin da ya dame ni yau daban ne. Da aka fito da gawar, kowa yana salati, ni kuwa wayoyi nake dubawa, ina neman wanda ke ɗauka. Har aka sa bawan Allahn nan a rami ban yi masa addu'a ba.”

Na ajiye abin robar a gefen gado, na ɗebo ruwan ɗumi na wanke masa ƙafar, duk da na san ba ya jin ɗumin.

Allah ya ji ƙan Kawu Shehu da wanda aka binne ranar. Wanda ya karanta wannan, in ya tashi yi wa mamatansa addu'a, ya sa da ɗan Katsinan nan, don akwai addu'a guda ɗaya da bai samu ba.